Furotin ɗin Goggo Hansatu

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na gabatar da bincikena a gaban masana ba, kuma ko na so in manta, mutanen ɗakin gwajinmu na Batsari ba za su bar ni ba. Har yau in aka kawo fura da nono ofis, sai wani ya ɗaga kofi ya ce, "Malama, a sha ko a auna?"

A lokacin ina karatun digiri na uku, aikinmu kuma kan ciwon zuciya ne. A jinin mutum akwai furotin iri-iri masu ɗimbin yawa, kowanne da aikinsa. Fannin namu, wanda ake kira furotiyomik, shi ne a duba su gaba ɗaya, a ga wanne ya yi yawa a jinin mai ciwo, wanne ya yi kaɗan, ko Allah ya sa a dace da wanda zai tona asirin ciwon tun kafin ya kayar da mutum. Mu namu a Batsari ɗibar jini ne, mu tace ruwansa, mu daskarar, mu aika wani babban ɗakin gwaji a ƙasar waje inda injin awon yake. Ban taɓa ganin injin nan ba sai a hoto (hotonsa ne ma a fuskar wayata, inda mutanen kirki ke sa 'ya'yansu).

To, ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin aikin takan shirya semina ta intanet domin matasan masu bincike. A shekarar aka ce wanda ya fi burge alƙalai za a kai shi ya yi wata shida a gaban injin, ya koyi aiki da shi. Gurbi ɗaya tak. Na ƙwallafa rai a kansa har ina auna rigunan sanyi a kasuwa.

Amma asalin abin ya faru ne watanni kafin seminar, ranar da na je ɗibar jini Babban Duhu, can cikin Safana. Garin Goggo Hansatu ne, yayar mahaifina. Ba don ita ba, babu dattijon da zai miƙa wa yarinya kamata hannu ta tsira masa allura. Gida-gida ta bi tana cewa, "Ɗiyata ce, ku ba ta. In wani abu ya same ku, ni za ku kama." Suka zo suka yi layi a zaure, manoma da makiyaya, wasu sun haura saba'in amma bugun zuciyarsu ya fi nawa kyau.

Muna gamawa mai mashin ɗin da ya kawo ni ya fara duban rana. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, ba a yarda la'asar ta yi wa mutum a daji. Ina jera 'yan kwalaben jinin cikin kula mai ƙanƙara, sai ga Goggo da gorar roba cike da kindirmo.

"Goggo, don Allah ki bar shi, ba ni da wurin sawa."

"Mi? Ki zo gidan ga ki koma hannu wofi? So kike uwarki ta ce na yi maki rowa?"

Na rantse, na roƙa, na ce wani zuwan. Ta juya ta koma ciki, ni kuma na ɗauka na yi nasara. Na shiga ɗaki na yi azahar a gurguje, na fito na tarar an riga an ɗaure kular a bayan mashin. Muka kama hanya, rami na miƙa mu ga rami.

Baba Lawal ne ya buɗe kular a Batsari. Shi ne mai tace mana jini, dattijo da ya yi shekara talatin yana aikin ɗakin gwaji kafin ya yi ritaya, aka ɗauko shi kwantiragi. Ya leƙa ciki ya yi salati. Da na matso sai na ga dalili. Goggo ta cusa gorar tsakanin ƙanƙara don kada nonon ya yi tsami, murfin ya fita a hanya, kwalabena duk suna iyo cikin kindirmo.

"Malama, a zubar da su. A koma a sake ɗiba."

"Baba, ai a rufe suke ruf. A goge su da sifirit kawai."

"In aka zo buɗe murfin fa? Injin nan da kike ba mu labari, kin ce ko ƙurar hannu yana gani."

Na tuna hanya, na tuna fuskokin dattawan da zan sake roƙa, sai na yi abin da mai guntun ilimi ke yi in an ƙure shi. Na gyara tsayuwa na ce, "Baba, a kimiyyance babu matsala." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗauko auduga. Ban rubuta komai a littafin aiki ba, ban kuma faɗa wa Dakta Kabir, malamin da ke duba bincikena ba. Nonon da ya rage a gorar na kai wa Inna, mahaifiyata, ta yaba.

Bayan wata biyar sakamako ya dawo. Yadda abin yake, injin kan farfasa furotin, ya rubuta kowane gutsure da jerin haruffa, kwamfuta kuma ta gwada su da jerin furotin ɗin ɗan Adam da aka sani. Wanda bai yi daidai da komai ba sai a tura shi wani shafi na daban da ba kowa ke buɗewa ba. Ni na buɗe. A nan na ga wani jerin haruffa da ke maimaita kansa a jinin mutanen Babban Duhu kaf, babu shi a na cikin garin Batsari, babu shi a na Ruma. Kuma su waye masu lafiyayyar zuciya? Mutanen Babban Duhu.

Na san mai karatu ya riga ya gane. Ni wallahi ban gane ba. Wata biyar ba kwana biyar ba ne, kuma wanda ke hango kansa a jirgi ba ya tuna gorar roba. Abin da na gani shi ne sabon furotin da ke kare zuciya, wanda duniya ba ta sani ba sai da ni 'yar Batsari na tono shi. Har suna na raɗa masa. Na ce tunda Goggo ce ta tara min mutanen, bari in saka mata: Hansatin.

Dakta Kabir ya ja min kunne tun kafin ranar. "Ki tsaya kan yadda muke tattara jini a ƙauyuka. Kada ki nuna wani sakamakon da ban gani ba." Na ce to. Da na kashe waya na ƙara shafi huɗu a ƙarshen jawabin. Tunanina shi ne yadda ake tattara jini ba zai kai kowa ƙasar waje ba (a nan kam na yi gaskiya, sai dai ba ta yadda nake nufi ba).

Ranar Laraba da hantsi na kafa kwamfuta a ɗakin gwaji, aka tayar da janareta. Ban tsaya nan ba, na gayyato ma'aikatanmu duka su zo su shaida, na jera musu kujeru, na sa Baba Lawal a kusa da ni yadda zai fito a hoto. A allo kuwa fuskoki ne birjik, ga Dakta Kabir daga Katsina, ga shugabar alƙalai, wata tsohuwar Farfesa Baturiya mai furfura wadda aka ce ta yi rabin rayuwarta a gaban irin injin nan.

Minti goman farko ya tafi lafiya. Da na buɗe shafin Hansatin, wayata ta fara rawa a kan tebur. Dakta ne. Na kifa ta. Ta sake, na ɗora mata littafi. Na bayyana yadda wannan furotin zai iya sauya maganin ciwon zuciya a Afirka, har na ce "da ma duniya baki ɗaya" ina buɗe hannuwa. Na gama, mutanen ofis suka tafa. A allo babu wanda ya tafa.

Farfesa ta matso da fuskarta. Da Turanci take magana, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba.

"Na gode. Koma min shafin da haruffan suke."

Na koma. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, kamar mai tuna sunan tsohon maƙwabci.

"Kin gwada su da jerin wasu halittun, ko na ɗan Adam kaɗai?"

"Na ɗan Adam, Farfesa."

"To. Wannan na san shi tun kafin a haife ki. Furotin ɗin nonon saniya ne."

Na ji ƙarar janareta kamar a cikin kaina take. A daidai lokacin gorar roba ta dawo min, da murfinta, da warinta. Ban kalli Baba Lawal ba, ba zan iya ba.

Farfesa ta ci gaba. "Ko mutum ya sha nono tulu guda, ba zai fito a jininsa haka ba. Daga waje ya shiga. Abin da ya dame ni ke nan. In a teburin tacewa ya shiga, to duk jinin da ya fito daga ɗakinku abin tuhuma ne, kuma dole mu duba wanda ke aikin. Wa ke tace muku jini?"

Baba Lawal na jin Turanci sarai. Ta gefen ido na ga ya cire tabarau ya riƙe a hannu, yana shirin miƙewa. Na san halinsa, zai ce "ni ne" ya yi shiru, ba zai tona ni ba. Zai koma gida a matsayin tsohon da ke shan fura a kan teburin jini, ni kuma in tsira da sunan yarinyar da zumuɗi ya ɗebe ta, wataƙila ma a tausaya min a ba ni gurbin. Ba zan yi ƙarya ba, na yi wannan lissafin, kuma na ji daɗinsa na ɗan lokaci. Wannan ya fi ba ni kunya a kan nonon.

Na riƙe hannun rigarsa.

"Farfesa, ba daga teburinsa ba ne. Ya ce a zubar, ni na hana."

"A zubar da me?"

Daga nan na shiga bayani, a gaban masana na ƙasashe daban-daban, cikin Turancin da ya fara gudu ya bar ni. Na faɗi yadda ba a barin baƙo ya tafi hannu wofi, da yadda ba a yi wa yayar uba gardama, da ramukan hanya, da murfin gora. Na nemi kalmar kindirmo na rasa, sai na faɗe ta da Hausa har sau biyu. Wani da ya manta bai rufe makirfo ba ya fashe da dariya, sannan ya mayar da ita tari.

Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta rubuta wani abu, ta ɗago. "Tambaya ta ƙarshe. Sunan nan, Hansatin, daga ina?"

Na so ƙasa ta tsage. "Sunan goggon tawa ne."

"Mai nonon?"

"Ita."

"To," in ji ta, "aƙalla an ba mai aikin haƙƙinta."

A nan har Baba Lawal sai da ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na girgiza.

Gurbin dai wani ya samu. Dakta Kabir ya kira ni bayan taron, abin da ya faɗa ba na rubutawa ba ne, sai dai a ƙarshe ya ce da na bar tsohon nan ya ɗauki laifin, da ya cire hannunsa daga aikina. Na je na durƙusa gaban Baba Lawal a gaban duk waɗanda na gayyato. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tashi, Malama. A kimiyyance babu matsala."

Komawar da na guda ita na yi. Na sake hawa mashin zuwa Babban Duhu, na sake bin dattawan ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri, na sake ɗibar jininsu. Da na zauna na yi wa Goggo bayani dalla-dalla, ina jiran ta nuna nadama, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "To su Turawan cewa sunka yi nonon bai da kyau?"

"A'a Goggo, gane shi dai suka yi."

"Ai dole su gane shi, na jar saniyata ne." Ta shiga ciki ta fito da gora biyu. "Ɗaya ta uwarki, ɗaya ki aika ma tsohuwar nan."

Abin da na koya bai da yawa. In na ga abin da duk duniya ba ta gani ba, yanzu nakan fara tambayar kaina me na zubar a ciki. In Baba Lawal ya ce a zubar, zubarwa nake yi. Kular jini kuwa na sa mata kwaɗo, makullin yana wuyana ko salla nake. Amma ƙin karɓar nonon Goggo har yau ban iya ba. A cinya na rungumo gora biyun har Batsari, kuma kafin mu kai titi murfin ɗaya ya fita.