Ranar da Muka Shanya Sarkin Almakashi

Jama'a, da ƙafa ɗaya cikin ruwan ɗumi nake rubuta muku shafin wannan mako. Jiya gab da azahar saniya ta taka ni a gaban manyan baƙi, ina sanye da shaddata ta Sallah. Uwargida Nasiha ta ce alhakin mutanen da nake caccaka ne ya kama ni. Ni kam ban riƙe saniyar a zuciya ba, don duk cikin waɗanda suka halarci taron nan ita kaɗai ta zo da uzuri na gaskiya.

Saniyar ta maƙwabcina Jumare ce. Mu 'yan bayan gari ne a nan Tambuwal, can wajen hanyar Kebbe, inda kwalta take gajiya ta koma. Jumare manomin gero da dawa ne mai 'yan shanu, mutum mai kunya, wanda ko ɗan akuya ya ci masa shuka sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Cikin shanunsa akwai wata tsohuwar gudali da yake kira Gwaggo, ita ce ta ƙarshe a cikin waɗanda mahaifinsa ya bar masa. Bana bazara ta same ta da tsohon ciki. Tafkinmu ya ƙafe, ƙanensa ya kora sauran shanun zuwa fadama ta wajen Kebbe, Gwaggo kuwa ba ta iya wannan tafiya. Aka bar ta a gida tana shan ruwan jarka, jarkar da sai an hau babur an ɗebo, babur ɗin da sai an kwana a layin mai kafin ya tashi.

A nan ne Ɗan'iya mahauci ya tsiro da zumunci. Mutumin da a da sai Sallah muke ganinsa, ya koma zuwa gaisuwa safe da yamma. Bakinsa na tambayar Jumare iyali, idonsa na kan cinyar Gwaggo. Jumare ya san in ruwa bai samu ba ƙarshenta wuƙa ce, da ita da abin da ke cikinta. Ya rame, ya daina zama majalisa.

Abin haushin shi ne muna da rijiyar burtsatse mai sola, har da kwamin shayar da dabbobi, ba ta fi jifa ɗaya daga garken Jumare ba. Ranka ya daɗe Sarkin Almakashi ne ya buɗe mana ita bara, a madadin Kwamitin Kawar da Ƙishirwa Har Abada. Ban san sunansa na yanka ba, mun dai san shi da almakashi, don bai taɓa zuwa wuri ya bar ƙyalle a ɗaure ba. Allah ya saka masa, ranar ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Sai daga baya muka ji cewa motar ruwa ce ta cika tankin kafin baƙi su iso. Da na tanki ya ƙare, rijiya ta yi shiru. Mu kuma mutane ne masu ladabi, ba ma cewa aikin babban mutum ya lalace. In baƙo ya tambaya sai mu ce tana hutawa.

To, a bakin kasuwa akwai Sirajo mai shagon cajin waya. Shi ya kawo mana abin nan da rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira, mu kuma muka raɗa masa Malam Na-Waya. Ba aikin da ba a sa shi ba. Malam Ladan na firamare yana sa shi shirya tambayoyin lissafi. Mardiya tela ta sa ya lissafa mata yadda za ta yanka atamfa ba tare da asarar ƙyalle ba. Wani ya kawo takardar injin feshi da rubutun Sinanci, ya fassara masa tas. Ni ma na taɓa ba shi shafin nan ya gyara mini, sai ya tsince duk baƙar maganar da ke ciki ya bar mini wani abu salam kamar kunun marar lafiya. Tun ranar na sallame shi daga aikin jarida.

Ni na ja Jumare zuwa shagon. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tsuguna gaban wayar, ya gaida Malam da gajiya, da iyali, da zafi, da hidimar jama'a. Malam ya amsa duka da Hausarsa ta rediyo, ko gajiya bai yi ba. Da aka zo kan magana ya tambayi halin da rijiyar take ciki, Jumare ya ce lafiya lau, sai godiya. Malam ya taya mu murna, ya tambaya ko akwai wani abin da zai taimaka da shi.

Sirajo ya ce, “Baffa, wanga ba surukinka ba ne. In ba ka gaya mishi gaskiya ba, shi ma lafiya lau zai ba ka.”

Jumare ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya, ya ce ba ta ba da ruwa. Ina jin tun da aka haƙa ta shi ne mutum na farko da ya furta haka da rana tsaka.

Malam ya jero tambayoyi, har da ko ƙanƙara na taruwa a kan farantan solar. Muka yi dariya har Sirajo ya ƙware, a watan da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ya ba da haƙuri, ya nemi hoto. Sirajo ya je ya ɗauko. Nan take Malam ya ce ga alama injin lafiyarsa ƙalau, amma farantan suna ƙarƙashin bishiya, sun fuskanci arewa, kuma wani farin abu ya rufe su. Farin abun kashin balbela ne, don darbejiyar nan masaukinsu ce tun kakanninsu.

Wallahi kunya ta kama ni. Kullum muna wucewa ta wurin, ba wanda abin ya taɓa ba mamaki. Mu a wajenmu duk abu mai daraja inuwa ake kai shi, ko baƙo ne ko sabon babur. Su ma masu aikin da dalilinsu. A gindin darbejiya za a jera kujerun manya ranar buɗewa, dole kuma farantan su fito a hoto a bayan Sarkin Almakashi, su kalli titi don mai wucewa ya shaida.

Malam ya ce a sare bishiyar. Jumare ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa gani ya yi cikin fushi ba, ya ce a gindinta aka raɗa masa suna, a nan aka yi wa mahaifinsa salla. Malam bai yi gardama ba, ya ce to a mayar da farantan fili su kalli kudu, ya lissafa tsawon waya da kaurinta, ya nanata cewa a nemo wanda ya san aikin wuta. Shi dai ba ya jin haushi in an ƙi shawararsa, abin da ya sa nake ganin ba zai taɓa riƙe muƙami ba.

Da yake dukiyar jama'a ce, muka je neman izini wurin magatakardan kwamitin, Malam Gazali. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce ƙaramin kwamiti zai duba yiwuwar kafa kwamitin da zai duba. Ina leƙa teburinsa sai ga Malam Na-Waya a wayarsa, yana rubuta masa jawabin cikar rijiyarmu shekara ɗaya. Da kunnena na ji yana umartarsa ya ƙara ruwa a sakin layi na uku. Na tambaye shi ko ya taɓa tambayar Malam Na-Waya abin da ya hana rijiyar aiki. Ya ce wannan ba sashensa ba ne.

Muka dawo muka kira gayya, yadda muke yi wa gonar marar lafiya. Haliru mai walda, wanda ya taɓa aikin sola a Dogon Daji, ya zo da injinsa. Mata suka dama fura. Sirajo na ɗaukar hoton kowace waya kafin a kwance ta, Malam na faɗin inda za ta koma. Gardama ta tashi a kan ina ne kudu sosai, kowa na nuna nasa, sai da liman ya sa Haliru ya fuskanci alƙibla ya miƙa hannun dama, Malam ya ce a ɗan karkato kaɗan, aka daidaita. Muka wanke kashin balbela da tsumma. Kafin la'asar muka ji tanki na ƙara kamar cikin mayunwaci. Jumare ya kawo Gwaggo bakin kwami, ya juya mana baya don kada mu ga idonsa. Daga ranar gaisuwar Ɗan'iya ta koma ɗaga hannu daga kan babur.

Labari ya kai inda yake kaiwa. Ba a yi mako biyu ba aka aiko cewa Sarkin Almakashi na tafe buɗe kashi na biyu na aikin. Shekaranjiya 'yan share fage suka iso, suka zubar da ruwan tanki don a yi masa fenti, suka hana mata da dabbobi zuwa wurin kada a yi caɓi a hanyar motoci. Gwaggo, wadda haihuwarta ta zo yau ko gobe, ta kwana da ɗan abin da ya rage a jarka.

Sai matsalar inuwa ta taso. Farantan yanzu suna fili, hoto kuma dole da su, babban mutum kuwa ba a tsayar da shi a rana. Wani mai basira cikinsu ya ga ƙarafan da Haliru ya kafa, ya ga ai ga turakun rumfa Allah ya kawo. Suka shimfiɗa tamfol a kan farantan gaba ɗaya, suka ja shi gaba, suka jera kujeru. Sirajo ya je zai yi bayani, aka ce masa ya bari sai an tashi taro.

An ce mana ƙarfe tara, suka iso rana na tsakiyar ka. Aka yanka ƙyalle, muka tafa. Ranka ya daɗe ya naɗe hannun babbar riga ya murɗa famfo. Famfo ya yi tsaki, ya yi shiru. Ya sake murɗawa. Malam Gazali ya shiga karanta jawabi da sauri, daidai wurin da ruwa ke kwarara dare da rana. Daga bayan taro muna jin kukan Gwaggo, wani irin kuka mai rauni, ga Ɗan'iya tsaye kusa da ita ya harɗe hannu a baya.

Ban ga lokacin da Jumare ya ratso mutane ba. Sai ganinsa na yi tsugune gaban Sarkin Almakashi, takalmi a hannu.

Ya ce, “Ranka shi daɗe, ka gafarce ni, ban iya magana gaban manya ba. Amma yau ko kai ka sha rana, ko ita ta sha wuƙa.”

Bai jira amsa ba, ya tashi ya kwance igiyar tamfol. Haliru ya kama ɗaya gefen, tamfol ya zame ya faɗi bayan kujeru. Rana ta sauka a kan farantai da manyan baƙi baki ɗaya.

Ba wanda ya iya tashi, don masu hoto na tsaye, kuma ba a gudu a bar famfo a buɗe. Haka muka shanya su. Gumi ya jiƙa hula, ya gangaro wuyan riga. Malam Gazali ya tsallake shafi biyu, abin da ya sa na fara ganin amfanin rana tun kafin ruwa ya zo. Can sai tanki ya fara ƙararsa, famfo ya yi tari, ruwa ya feso har kan takalman ranka ya daɗe. Gwaggo ta fizge igiyarta, ta keto layin 'yan kwamiti, ta bi ta kan ƙafata, ta dulmiya baki cikin kwami. Na yi ihu, jama'a suka ɗauka kabbara ce suka amsa.

A gaskiya Sarkin Almakashi gwani ne, dole a yaba masa. Yana share gumi ya shaida wa masu hoto cewa shi ya ba da umarnin yaye rumfar, don ya ɗanɗani abin da talaka ke sha. Muka tafa da zuciya ɗaya, tunda dai ya ɗanɗana.

Yau da asuba Gwaggo ta haifi 'yar maraƙa, ja mai farin goshi irin na uwarta. Jumare ya shigo da ƙwaryar fura yana ba ƙafata haƙuri, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ɗan'iya ma ya zo barka, ya dubi uwa ya dubi 'ya, ya ce Allah shi raya, da muryar wanda aka yi wa rasuwa.

Ni kuma da na ga ɗan tsayuwar da mutum ɗaya ya yi a rana ta kawo wa unguwa ruwa, sai na aika wa Sirajo ya tambayar mini Malam Na-Waya: in aka fito da manyanmu duka aka shanya, wuni guda kawai, me ƙasar nan za ta samu? Malam ya ce ba zai iya lissafawa ba, don ba a taɓa gwadawa ba. Na ce a gaya masa igiyar tamfol ɗin tana nan wurin Jumare.