Rasuwar Kujerar Layin Banki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, ni Munkaila Dogara, mai saro wandunan jins daga garin Xintang zuwa Kantin Kwari, ina sanar da 'yan'uwa mazauna unguwar Xiaobei ta Guangzhou rasuwar kujerata ta ƙarfe mai naɗewa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha huɗu a hannuna.

Na saye ta ne saboda sulalla. Tun ina ƙarami nake tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, daga aninin da kakata ta ba ni. Da na zo Guangzhou sai na ji cewa gidan buga kuɗi na ƙasar nan yana fitar da sulallan tunawa, kowace shekara da hoton dabbarta. A lokacin doka ɗaya ce: wanda ya riga zuwa ƙofar banki shi ke samu. Marigayiya ta fara aiki a layin shekarar zomo. Idan aka buɗe ta takan ce ƙiiiƙ, idan aka zauna ta ce kaf, ba ta ƙara magana sai an tashi.

A wannan layi ta haɗa ni da Baba Fong, tsohon direban bas mai ciwon gwiwa, wanda ya yi awa biyu a bayana yana sauya ƙafa. Na tura masa ita. Ya dube ni, ya dube ta, ya zauna ya ce, "Shiye-shiye, loban." Wato na gode, maigida. Daga ranar muka raba ta, rabin awa shi, rabin awa ni. Na ba shi anini ɗaya. Ya leƙa ta cikin hudar ya yi dariya, don bai san cewa mu ma kuɗin kakanninmu masu huda ba ne.

Marigayiya ta ga sauyin dokoki, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta ga shekarar da aka ƙayyade wa kowa adadi. Ta ga shekarar da aka ce ba sauran layi, a waya za a yi rajista da katin shaidar ɗan ƙasa. Na je da fasfona, yarinyar da ke kantar bankin ta ce "meyo", babu. Na koma wani reshe a Tianhe, meyo. Na koma na uku, kujera a hammatata, ban sami ko dalilin buɗe ta ba. Na ɗauka aikinta ya ƙare ke nan. Sai Baba Fong ya sa 'yarsa ta yi masa rajista, ya raba kasonsa biyu, ya kira ni zuwa lambun unguwarsu. Haka muka ci gaba kowace shekara, yana zaune a kanta, ina tsugune, muna juya sabon sulai a rana. Sinancina na kasuwa ne, shi kuma bai da Turanci, amma ba mu taɓa rasa abin faɗa ba.

Ciwon ajalinta tsatsa ce. Danshin watan Maris, wanda ke sa bango ya yi gumi, ya ci ƙusar tsakiyarta. Na ɗiga mata man keken ɗinki, muryarta ta koma rauni. Bana kuma Baba Fong ya faɗi a banɗaki, 'yarsa ta yanke shawarar ɗauke shi zuwa garin da take aure, tafiyar yini guda. Ranar Talata na je sallama. Motar da za ta ɗauke shi ta makara, ƙafarsa ta gaza, ya nuna kujerar da ke hammatata. Na ce, "Baba, ba ta da lafiya." Ya ce, "Ni ma." Na buɗe ta ina riƙe da numfashi. Ta ɗauke shi minti ashirin cur ba ta karkata ba. Da motar ta ɗauke shi ta sha kwana na zo naɗe ta, sai ƙusar ta ce tas, ƙafafun suka rabu a hannuna.

Ta bar kundin sulalla biyu, madubin duba sulalla guda, da fulas ɗin shayi da suka yi layi tare. Ta bar ni ina hawa da sauka a benen shago ba tare da aike ba. Sabon sulai na nan tafe, ban san wa zan nuna wa ba. Maƙwabcina Barmo, mutumin Maraɗi, wanda ke ce wa maigida patron, ya ce, "Patron, kujera ce fa, akwai dubu a shagunan ƙasa." Na san akwai.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Ƙarfen zai bi matar da ke sayen gwangwani a keke mai ƙafa uku, kyauta. Zanen mazaunin na wanke shi, zan aika wa Baba Fong ta hannun 'yarsa. Ana karɓar gaisuwa a shagona, hawa na tara. Wanda zai zo ya taho da abin zamansa, kuma don Allah ya koma da shi.