Yadda Mai Girma Ya Yaba Ragona

Jama'a, ku yi mini jaje. Ba mutuwa aka yi ba, alhamdu lillahi, haihuwa ma aka yi. Amma ni Yahya na unguwar Hindawiyya a nan Jidda, mai ɗinkin kujerun mota, da bakina na yi wa kaina sata, da rana tsaka, a gaban shaidu, har ana tafa mini.

Ga yadda aka yi. 'Yata Rabi'a da ke aure a Yanbu ta sauka lafiya, namiji. Mijinta Jabiru yaro ne mai kunya, direba ne a tashar jiragen ruwa, samunsa daidai bakin iyalinsa. Tun cikin yana ƙarami na kira shi ta wayar kan titi na ce, "Jabiru, ragon suna a wuyana yake, kada ka sake ka sayi ko kaza." Na samo ɗan rago na hau da shi saman bene, ina ba shi busasshen burodi da ragowar ganyen da maƙwabcina Abdulghani ke kwasowa daga kasuwar kayan miya. Ragon nan ya ci, ya ci, har ya ci mayafin matata Zinariya da ta shanya. Ya yi wuya, ya yi ƙaho, in ya taka sai na ƙasa su leƙo su ce wa ke daka. Babbar jikata Zakiya, amaryata ta Yanbu, kullum aka ba ta waya ba ta tambayar lafiyata, sai ta ragon. Ita ta ce a sa masa lalle, aka kuwa sa masa, goshi da ƙafafu.

To, sai batun mota. Mu 'yan gida mazauna nan muna da ƙungiya, Allah ya ƙara mata albarka. Tana da Shugaba na Dindindin, da Mataimaki, da Mataimakin Mataimaki, da Sakataren Tarbar Baƙi, da wani daban na Rakiyar Baƙi, don kada aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Tana kuma da bas, wadda muka yi karo-karo aka saya, aka rubuta mata Motar Al'umma da koren fenti. An ce don marasa lafiya ne, da jana'iza, da ziyarar zumunci. Ni dai tunda aka saye ta ban taɓa ganin cikinta ba sai ranar da aka kawo mini kujerunta in ɗinke fisabilillahi.

Na je na durƙusa gaban Shugaba na ce suna ranar Juma'a da safe, muna son mota ranar Alhamis. Ya dafa ƙirji ya ce, "Malam Yahya, don irinku aka saye ta. Ka ɗauka kun isa." Na dawo gida ina washe baki. Zinariya ta dube ni ta ce, "Hmm."

Alhamis da hantsi muka isa ƙofar ofishin ƙungiya a Sharafiyya, ni da rago a gaba, Zinariya a baya da ƙullin kanwa da yajin jego da daddawa. Muka tarar da bas a cike taf. Ba da mutane ba, a'a. Firji, da dardumai, da akwatunan talabijin, da jarkokin zamzam har kan kujerar direba. Ashe baƙi muka yi daga gida: Mai Girma Jagoran Tawagar Duba Halin da 'Yan Uwa Ke Ciki a Ƙetare. Ku da kuke gida ba ku san irin wahalar da bayin Allah nan ke sha dominmu ba. Duk shekara sai sun zo duba mu, kuma don tsabar sadaukarwa ba sa zuwa sai lokacin Umra. Suna duba mu ta tagar otal, su duba mu a kantin zinare, su duba mu a shagon agogo. In sun gama, bas ɗinmu ta kai sakamakon binciken filin jirgi.

Shugaba ya ja ni gefe ya ce, "Haƙuri kaɗan. Da zarar Mai Girma ya gama ganawa da jama'a, an kai kaya, mota taka ce." Sai na duba, ashe mu ne jama'ar. An tsayar da mu a layi da wasu tsofaffi da aka tattaro daga unguwar Bani Malik, rana tana dukanmu, ragona yana haki.

Sai wajen la'asar Mai Girma ya sauko daga wata doguwar mota, babbar rigarsa tana ƙarar sitaci, turarensa ya riga shi isowa. Ya bi layi yana miƙa mana kan yatsu. Da ya zo kaina ko fuskata bai kalla ba, idonsa ya sauka kan rago.

"Masha Allahu! Tabarakallah! Wannan na wane ne?"

To, jama'a, ku faɗa mini tsakaninku da Allah. Babba ya yaba abinka a gaban mutane, me iyayenmu suka koya mana mu ce? Ko Larabawan nan in ka yaba agogonsu cewa suke tafaddal, wato bismilla ɗauka, kai kuma ka ce Allah ya bar ka da abinka, kowa ya kama gabansa. Haka duniya take tafiya tun kafin a haife mu. Bakina ya buɗe da kansa.

"Naka ne, ranka ya daɗe."

Na tsaya ina jiran rabinsa na maganar, ya ce Allah ya sa albarka, ya wuce. Sai na ji ya ce, "Madalla, na gode." Kafin in haɗiye yawu, Sakataren Tarbar Baƙi ya zare igiya daga hannuna ya miƙa wa na Rakiyar Baƙi. Ranar na ga amfanin raba muƙamin. Shugaba ya ɗaga murya ya ce ga kyautar al'umma ga babban baƙo, har da lalle aka yi masa don girmamawa. Aka tafa. Wallahi har da ni a masu tafin, hannuwana ma sun ci amanata.

Mai Girma ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce an sha kai musu ƙarya cewa mutanenmu na Jidda suna cikin matsi, suna neman agaji. Yau ga shi ya gani da idonsa, talaka mai silifa yana kyautar rago irin wanda ko a gidansa babu. Ya ce zai koma ya shaida wa na sama cewa mu a ƙoshe muke, a juya tallafin da aka yi niyya wani wajen. Tsofaffin Bani Malik suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Ragon ya waiwayo sau ɗaya yayin da ake cusa shi bayan wata mota za a kai shi bakin teku a gasa wa tawaga. Bas kuma ta nufi filin jirgi, direba ya ce ba ya jin zai dawo yau, akwai sahu na biyu.

Zinariya ta sake cewa, "Hmm." Na ce don Allah ta zage ni in huta. Ta ƙi.

Abdulghani ne ya cece mu. Shi haifaffen nan ne, kakansa ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba, Hausarsa rabi da rabi ce. Yana da tsohuwar wanet, wato a-kori-kura, wadda yake dakon kayan miya da ita. Da ya ji labari ya riƙe kai.

"Ya ammi Yahya, esh hada, mene ne haka? Kai ka ce naka ne, shi kuma ya ɗauka? Wallahi aib! Halas, yalla, ku shiga, ni na kai ku."

Muka kama hanyar gaɓar teku rana tana shirin faɗuwa. Zinariya a gaba don girmanta, ni a baya cikin kwandunan tumatir, a daidai wurin da ya kamata rago ya zauna. Guzurinmu burodin tamis ne da wake da shayi a filas. Teku a hagu, rairayi a dama, iska mai gishiri tana marin fuskata, ni kuwa ba abin da nake gani sai goshin nan mai lalle. Motar Abdulghani ba ta san gaggawa ba, raƙuman gefen hanya ma kallon tausayi suke mata. Fitilarta ɗaya ce, ita ma sai an mare ta take kamawa, don haka da muka kai Rabig muka yada zango a gidan shayin direbobi, kan gadajen igiya.

Da muka idar da asuba na ce wa Abdulghani ni fa ba zan shiga gidan suruki hannu rabbana ba, gara in koma. Ya ce ya san wani Balaraben ƙauye mai dabbobi a bayan gari. Muka je. Abin da ke aljihuna bai kai ko ƙafar rago ba, amma mutumin ya ƙyalla ido ya ga safayar tayar wanet, wato ta ko-ta-kwana, ya ce ita yake so. Abdulghani bai ko dube ni ba ya kwance ta. Aka ba mu wani abu mai ƙafa huɗu, wai rago. Ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, in ya yi kuka sai ya zauna ya huta. Na lura da abu guda: Balaraben nan da na ce masha Allah don ladabi, cewa ya yi na gode, bai ce naka ne ba. Da ganinsa ya taɓa haɗuwa da tawaga.

Kun riga kun san abin da ya biyo baya. Mun wuce Mastura kenan, ƙanshin soyayyen kifinsu yana bin mu ba halin tsayawa, sai ji muka yi fam! Tayar baya ta tashi aiki. Muka tsaya a gefen titi, ba inuwa ba gida. Rana ta ɗaga. Ina kallonta tana hawa, na san can Yanbu an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, an raba dabino da goro, Jabiru yana leƙen bakin layi yana ce wa danginsa surukina na tafe da rago, ku ɗan ƙara haƙuri. A nan ne na daina dariyar kaina. Na zauna kan dutse, idona ya kawo ruwa, ba na jin kunyar faɗa. Zinariya ta zuba mini sauran shayin ta ce, "Sha, Malam." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wani mai motar kankana ne ya tausaya ya kwashe mu, muka bar Abdulghani yana gadin motarsa yana ɗaga mana hannu yana cewa mu gaishe da bebi. Muka shiga Yanbu ana fitowa daga masallacin Juma'a. An naɗe tabarmi. Yayan Jabiru ne ya ruga kasuwa ya sayo rago da aka gaji da jira, har an feɗe, mata suna suya. Dangin miji suka gaishe ni da ladabin nan mai ciwo, suna satar kallon abin da nake ja da igiya.

Zakiya ta sheƙo da gudu, ta wuce ni, ta tsaya gaban dabbar. Ta duba goshi, ta duba ƙafafu.

"Kaka, ina mai lallen?"

Na ce, "Wani babban mutum ya yaba shi."

"To sai ka ba shi? Ai nawa ne da ƙanena."

Wannan kam, Mai Girma da tawagarsa duk su zo su amsa mata in sun isa.

Rabi'a ta aiko a kira ni ciki, ta miƙo mini jaririn cikin tawul, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ga takwaranka." Ashe Yahya aka raɗa masa. Sun ɓoye mini ne don in ji da kunnena a bakin liman, a gaban jama'a. An faɗi sunana a taro, an yi fatiha, an shafa, ni ina kan kankana. Wannan safiyar ba za ta dawo ba, ko da ƙungiya ta ba ni bas ɗin kyauta har da firjin ciki.

Don haka ina miƙa godiya ta musamman ga Shugaba na Dindindin, wanda alkawarinsa bai taɓa tsufa ba don ba a taɓa amfani da shi ba. Ina kuma yi wa Mai Girma fatan naman ya zauna lafiya. Rago ne da aka yi kiwonsa da busasshen burodi da mayafin mace ɗaya, in ya ji wani abu ya tsaya masa a wuya, to zaren ne.

Da yamma ina zaune a ƙofar gida da takwarana a hannu, sai ga wani mai babbar riga ya iso barka, aka ce shi ne Shugaban ƙungiyarmu, Reshen Yanbu. Ashe har nan sun yi rassa. Ya sunkuyo, ya buɗe tawul, ya washe baki.

"Masha Allahu! Tabarakallah! Wannan na wane ne?"

Na ƙanƙame yaron a ƙirji har ya tsala ƙara.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Nawa ne ni kaɗai. Amma ga wancan ragon a ɗaure, in ka yaba."

Ya waiwaya ya dube shi sama da ƙasa. Bai yaba ba.