Mushen Kwatano

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da likita zai rubuta mini maganin mantuwa in riƙa sha safe da yamma. Ni mutum ne mai son raha, duk Gwallaga an shaide ni da wannan. Ko a zaman makoki can nesa ake shimfiɗa mini tabarma, don kada in sa masu ta'aziyya su yi abin kunya. Amma wannan labarin, duk lokacin da na zo ba da shi, sai dariyar ta ƙi zuwa.

Da difloma na shiga aikin gwamnati, tun ina da gashi a tsakiyar kai. Na yi ta hawa a hankali har na iso matakin da mai difloma ba ya wucewa, na zauna a nan har kujerata ta ɗauki siffar jikina. Yaran da na koya wa yadda ake buɗe fayil suka zo da digiri, suka haye ta kaina, na wayi gari ina ce musu yallaɓai. Ga ritaya tana leƙo ni, fansho kuwa matakin da ka bar aiki a kai yake bi. Abin ya riƙa cina a rai, ko da yake a fuska kullum ni ne mai ba ofis dariya.

Ado, abokin aikina wanda tebur ɗaya ya raba mu, shi ya kai ni wurin wani mai shagon buga takardu a Yelwa da ake kira Na-Kwatano. Mutumin ya ba mu lemo mai sanyi, ya ce akwai wata jami'a a Kwatano ta ƙasar Benin da ke tausayin manya irinmu, ba ta son wahalar da su da zaman aji. Hoto kawai take so, sai abin da ba a rasa ba. Abin da ba a rasa ba ɗin nan shi ya cinye filin da na saya don in yi ginin tsufa. Kafin ciwon rabuwa da filin ya sake ni, sai ga digirina a fannin mulki ya iso cikin ambulan, da rubutun Faransanci da hatimi ruwan zinare mai faɗin faifai. Takardar ta ce shekara huɗu na yi ina karatu. (Ni kaina da na gani sai da na ji tausayin irin wahalar da na sha.)

A ofis na ce ai duk hutun shekara da nake ɗauka can nake tafiya, sauran karatun kuma ta wasiƙa. Gaskiyar magana, iyakata a kudu Lakwaja ce, ita ma rakiyar amarya. Da na tsaya a nan da da sauƙi, to amma bakina ba ya zama wuri ɗaya. Na fara ba da labarin Kwatano kamar a can aka yanke mini cibiya. Na ce kifinsu sai an yi hayar keke ake kai guda ɗaya gida. Na ce burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, in ka gaji da ci sai ka dogara shi. Na ce teku ta taɓa tafiya da takalmina ranar jarrabawa, na shiga aji da ƙafa ɗaya. Har walima na yi a ƙofar gida, aka yi ta tuyar masa har hayaƙi ya rufe layin, na yi hayar rigar nan ta masu kammala karatu da hularta mai kama da faranti, liman ya yi addu'a Allah ya sa ilmin ya amfani al'umma, na fi kowa ɗaga murya wurin cewa amin.

Matata ce kaɗai ba ta ce amin da ƙarfi ba. Bayan an watse tana tattara kwanoni ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Baban Safiya, ni dai ban taɓa haɗa maka jakar Kwatano ba." Na ce mata sirrin miji sirrin mata ne. Ita kuwa Safiya, 'yata ta fari, lokacin tana jami'a a Yelwa tana fama da karatu na gaske, yau yajin aiki gobe ba kuɗin keke. In ta dawo a gajiye tana ƙorafi, sai in gyara zama in ce mata ai ku kuna hutawa, mu a Kwatano a tsaye muke cin abinci. Yarinyar nan ta yarda. Ita ta kai hotona na walima aka sa masa gilashi, ta rataye a falo. Wannan wurin ne in na tuna ba na iya yin wasa da shi.

Ƙarin girma ya zo, na samu ofis ni kaɗai da fanka mai juyawa. Ban gama sabawa da iskarta ba sai labari ya fasu a rediyo cewa irin jami'o'in nan da yawansu ba su wuce ɗaki biyu da injin buga takarda ba, kuma an kafa kwamiti da zai tantance duk ma'aikacin da ya kawo digiri daga can. Wanda aka kama, aka ce, yana iya rasa aikin da fanshon gaba ɗaya. Na garzaya Yelwa, na tarar shagon Na-Kwatano ya koma wurin sayar da awara. Mai awarar ta ce ita ma tana nemansa.

Daga ranar na fara shirin fuskantar kwamiti. Na tono tsohon littafin Faransanci na Safiya na sakandare, ina ɓuya da shi a bayan gida ina hadda. Na kama "bonjur" ta gaisuwa, na kama "marsi" wato na gode, na kama wata doguwar kalma da littafin ya ce ma'anarta malam, na karanta ta yadda idona ya gan ta, "monsiyur". Ado kuma, wanda shi ma digirinsa daga tukunya ɗaya aka ɗebo da nawa, ya ba ni shawarar da har gobe ban yafe masa ba. Ya ce 'yan kwamiti kamar karen unguwa suke, in ka nuna tsoro su bi ka, in ka tsaya ka daka tsawa su ja baya. Ya ce in shiga da zafi, in nemi inda za su yi kuskure ko ƙanƙane ne, in kama shi in yi ta hayaniya har a manta da abin da aka zo yi.

Ranar Talatar da kwamiti ya kira ni na sa babbar rigata ta Salla, na kafa hula, na wuce ta gaban sauran masu jiran kira da ke zaune jere a baranda kamar marasa lafiya. A ciki akwai dogon tebur. A tsakiya wata Hajiya ce, babbar sakatariya, ita ce shugabar kwamiti. A gefenta Daraktan ofishinmu. A ƙarshen tebur kuma wani dattijo siriri mai tabarau, wanda daga baya na ji sunansa Malam Isuhu, malamin Faransanci ne da aka aro daga jami'a don ya karanta musu takardun, asalinsa mutumin Damagaram ne ta ƙasar Nijar. Yana ganina ya miƙe da fara'a, ya ba ni hannu, ya ce, "Mushe, barka da zuwa. Bismilla, ga kujera."

Jama'a, kun san mushe. Dabbar da ta mutu ba yanka, wadda ake ja da igiya a kai bayan gari, ungulu ma sai ta yi shawara kafin ta sauka. A zuciyata na ce Allah ya kawo abin da Ado ya faɗa, ga kuskuren tun ban zauna ba. Na fizge hannuna, na tattare hannun riga zuwa kafaɗa, na buɗe murya yadda na tabbata har masu sayar da katin waya a bakin titi sun ji. Na tambaye shi wa yake kira mushe. Na ce ni da aka yi sallar asuba da ni a sahun farko, ni mai iyali, ni da na ba gwamnati ƙuruciyata, yau ni ne jakin da ya mutu a bakin kwalbati? Na juya wurin Hajiya na ce, ranki ya daɗe, a shaida, an zagi ma'aikaci a bakin aikinsa, ba zan amsa tambaya ko ɗaya ba sai an ba ni haƙuri a rubuce. Darakta yana ta yi mini alama da hannu in zauna, ni kuwa na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi. Ƙofa a buɗe take, na baranda duk sun taso sun cika bakinta.

Sannan na saki maganar da ta kashe ni. Na bugi ƙirji na ce, "Shekara huɗu na yi a Kwatano cikin baƙin mutane, ba wanda ya taɓa ce mini mushe!"

Malam Isuhu ya cire tabaransa a hankali. Ya ce, "Shekara huɗu, ba wanda ya taɓa ce maka haka?"

Na ce, "Ko sau ɗaya."

Ya ce, "To lalle ba su kyauta maka ba."

Ya yi bayani da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗa wa mutum rasuwa. Ya ce kalmar Faransanci ce ta girmamawa, kamar a ce malam ko yallaɓai, bakin Hausawan can ne ya mai da ita haka. Ya ce a garinsu kowane malamin makaranta mushe ake ce masa, kuma duk wanda ya taka ƙasar da ake Faransanci, tun daga jami'in bakin iyaka har mai sayar da burodi da ita za su tare shi, daga safe har dare. Ya ce ya ga takardata ce ya yi murna ya samu ɗan'uwa, shi ya sa ya gaishe ni irin gaisuwar gida. Sai ya ɗora hannu a ƙirji ya ce in yafe masa in ya ɓata mini rai. (Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.) A lokacin ne kaina ya haɗa lissafi, ashe ita ce "monsiyur" ɗin da na yi ta haddacewa a bayan gida.

Hannun rigata yana nan a kafaɗa, na rasa yadda zan sauke shi. Na nemi abin faɗa a duk faɗin kaina, abin da bakina ya samo shi ne "marsi". Wani a bakin ƙofa ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka bi shi. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta sa aka rufe ƙofa, ta dube ni ta ce, "Malam, ta wace iyaka kake shiga in za ka tafi?" Na zauna a kujerar da aka nuna mini tun farko, na cire hula, na faɗa musu komai, har da Lakwaja.

Makonnin da suka biyo baya ina jiran hukunci su ne mafi tsawo a rayuwata. Labari ya riga ni isa gida. Ban ga lokacin da aka sauke hoton falo ba, ƙusar kawai na tarar. Safiya ta ci gaba da gaishe ni da kawo mini ruwan alwala kamar kullum, amma ta daina ba ni labarin makaranta, kuma na ji a bakin uwarta cewa har a ajinsu an yi mata ba'a da ni. Na daina zama majalisa, na koma sallar isha'i a wani masallaci can wajen Ƙofar Dumi inda ba a san ni ba sosai.

Ba a kore ni ba. An ce don na faɗi gaskiya da bakina kuma shekarun da suka rage mini kaɗan ne, a mai da ni matakina na da, a riƙa yankar abin da na ci a albashi har ya ƙare. Na koma tsohon teburina, ƙarƙashin yaron da na koya wa buɗe fayil. A kan wannan matakin zan yi ritaya, ba fili, ba digiri. Ado ma an kama shi, amma shi ya shiga sumui-sumui ya fito sumui-sumui (shawarar ashe ni kaɗai ya tanadar wa), don haka har yau Malam Ado ake ce masa. Ni kuwa daga mai gadin ofis har mai shayin layinmu, Mushe. In na ɓata rai sai su ce ai girmamawa ce, in je in tambayi mutanen Kwatano.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma na saye shi da tsada. Ƙarya ita kaɗai tana iya daɗewa in mai ita ya iya rufe baki, nawa kuwa bai taɓa iyawa ba. Yanzu ko kare mutum ya kira ni, ba na tattare hannun riga. Sai in gyara hula in ce, Malam, da wane yare?