Lambar Yabon Ɗan Fari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsinka kaina da hannuna a gaban rabin malaman Haɗeja ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bakin fadama. Ina da ɗan shafi a intanet inda nake rubuta halin da makarantunmu ke ciki, musamman yadda ambaliya ke cinye mana azuzuwa duk damina, mu koma gindin bishiya da allo a jingine. Wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi ta ga rubutun, ta ce na ci lambar yabo, za a ba ni a wani ɗakin taro a cikin gari.

To, ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, daga "wancan" sai "wannan yaron". Na san al'ada ce, kunyar ɗan fari, ba ƙiyayya ba. Amma mutum har da furfura a gemu, ga 'ya'ya, a ce bai taɓa jin "madalla" daga bakin ubansa ba? Abin yana cina. Sai na ƙulla dabara (wai ni mai wayo). Na lallaɓi Baba ya zo taron, sannan na raɗa wa mai gabatarwa cewa in an kira ni, ya gayyato mahaifina ya ce wani abu a kaina. Lissafina shi ne, a gaban jama'a ba shi da hanyar zillewa.

Aka kira ni, aka yi tafi, na haye dandamali cikin sabuwar shadda ina ta washe baki. Mai gabatarwa ya kira Baba, ya miƙa masa makirfo, ya ce ya faɗa wa duniya wane ne wannan gwarzo.

Baba ya juya mini ƙeya. Ya yi sallama, ya yi wa shugabanni addu'a, ya yi wa damina addu'a, sannan ya ce:

"Shi dai wannan yaron, ban san me yake yi ba, kullum dai yana danne-dannen waya. Amma ƙanensa Sale, Allah Ya yi masa albarka. Bana da ruwa ya taso, shi kaɗai ya tare mana bakin gona da buhunan yashi, shinkafarmu ta tsira."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Wani hedimasta har da share hawaye. Sale, wanda ya zo don ya tuƙo Baba a babur kawai, ya miƙe daga baya yana ɗaga hannu, aka yi masa tafin da ya fi nawa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da gilashin lambar, ga jawabin da na kwana uku ina haddacewa ya fara da "Mahaifina, wanda kullum yake alfahari da ni". Dole na haɗiye shi, na ce na gode, na sauko. Da aka zo hoto ma, Baba gefen Sale ya tsaya.

Na yi fushi sosai, har na daina zuwa gaisuwar safe. Lambar ma a zauren Baba na watsar da ita.

Ranar kasuwar Kafin Hausa na je sayen rago, sai wani dillali da ban sani ba ya tare ni, ya ce ba ni ne mai rubutun makaranta ba? Wai tun hantsi Baba yake bin rumfa-rumfa da wani gilashi a aljihun babbar riga, yana sa a karanta masa abin da ke jiki da ƙarfi. In an tambaye shi na wane ne, sai ya kau da kai ya ce, "Na wani yaro ne a gidanmu."

Wato dillalan awaki sun cancanci su ji, ni ne ban cancanta ba!

Abin da na koya dai shi ne, in kai ɗan fari ne, kada ka kuskura ka miƙa wa ubanka makirfo. In yabonsa kake nema, ka bi shi kasuwa a ɓoye, ka laɓe bayan rumfa.