Man Marigayi a Motar Auta

Na manta abubuwa da yawa tun rasuwar maigidana, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai jikata gidan miji a Kornaka ba.

Marigayi direba ne. Shekara talatin yana jigilar 'yan kasuwa, ni kuma ina riƙe masa bidon idan zai zuba man inji. Har yau nakan yi kukansa. Bidon ɗaya, jarka guda cike da man inji, ya bari, na adana ƙarƙashin gado.

Autana ya zo daga Maraɗi da sabuwar mota don ɗaukar amarya. Da maza suka tafi ɗaurin aure, na ce wallahi sai albarkar kakanta ta raka ta. Na buɗe kafon motar, murfin injin ke nan, da hannuna (na iya, kar a raina ni), na tuttula mata man nan mai kauri.

Mun wuce gari kaɗan, mu bakwai da kayan ɗaki, motar na hawan tudun yashi a hankali, sai na ji ƙwas-ƙwas a cikinta. Mata na guɗa, ba wanda ya ji sai ni.

"Auta, kashe ta!"

"Inna, sabuwa ce fa."

"Na ce kashe ta, ɗan nema!"

Aka kira Isufu makanike daga Dakoro. Ya zaro sandar awon mai, ya murza a yatsa.

"Wa ya zuba mata man manyan motoci? Ya ma yi yawa. Wannan mai turbo ce, man kamfaninta kaɗai take sha. Ɗigon irin wannan ya shiga inda wuta ke tashi, sai esansi, fetur ke nan, ya kama tun buji bai ba da tartsatsi ba, ya doki fistan. Da kun ƙara gaba, sai sabon inji."

Auta ya fara rantsuwa zai koma wa masu bidanj na Maraɗi da suka sauya masa mai. Na ja mayafi na rufe fuska.

"Ni ce. Na babanka ne."

Amarya da ke kukan rabuwa ta fashe da dariya cikin lulluɓi. "Kaka, kishin sabon mijina kike, ko?"

Isufu ya tambaya wa ya ji ƙarar. Aka nuna ni.

"Inna, ni ma da ƙyar nake jin ta. Ki zo gareji gobe, amma ki bar bidon a gida."

Isufu ya sauya man, sai la'asar muka kai amarya, motar lafiya lau. Ranar na gane gadon da marigayi ya bar mini kunne ne, ba bidon ba. Sauran man, ƙyauren ɗakina nake shafa wa, kuma shi bai taɓa yin ƙorafi ba.