Gilashin da Ba Ya Fashewa

A waya na karanta cewa in aka zuba garin tangaran cikin narkakken gilashi, garin yakan tare tsaga, ya hana ta wucewa. Abin ya tsaya min a rai. Na daka farantin tangaran ɗin Hajiya, matata, na kai wa Malam Sale maƙeri a Gumel tare da kwalabe.

"Alhaji, dakan nan bai yi laushi ba," in ji shi.

"Kai dai hura wuta, ilimi ne."

Da ya narka kwalaben da garin suka zama curi, sai na tara 'yan majalisarmu, na ɗauko gudumar gwaji. Ina cikin jawabi curin gilashin ya huce, ya ce ƙas, ya rabe uku. Ko taɓa shi ban yi ba.

Har yau a kwanon silba Hajiya ke zuba min tuwo, wai kada ilimi ya motsa.